Injiniya a Kan Bokiti

A Amurka, duk uban da 'yarsa ta ce ita jifa take so ta koya a wasan sofbol, to ya samu muƙami ko bai nema ba. Muƙamin ba albashi, ba ofis. Bokiti ne na roba mai murfi, irin wanda ake sayar da fenti a ciki. Za ka fito da shi harabar gida ka zauna a kai da safar fata a hannun hagu, 'yar cikinka ta ja da baya ta dinga auna ka da ƙwallo har magariba. Iyayen bokiti ake ce mana. Ko a kanti muka haɗu muna gane juna, don duk magidancin da ka gani yana ɗingishi a watan Afrilu, ƙwaurinsa duk shaida, to ɗan ƙungiya ne.

Ni karatu ne ya kai ni jihar Oklahoma, digiri na uku a fannin injiniyan man fetur, ban kuma san tsakiyar gidan sofbol na kai iyalina ba. A birnin Oklahoma ake buga wasannin ƙarshe na gasar mata ta jami'o'in ƙasar, 'yan matan Jami'ar Oklahoma kuma, a hannun kociyarsu Patty Gasso, sun ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Ko gasar Olamfik ta 2028 da aka ba birnin Los Angeles, sofbol ɗinta a Oklahoma aka tsara za a zo a buga. A irin wannan gari ba sai an yi wa yarinya talla ba, ƙawayenta na aji sun wadatar. Ummi, 'yata ta fari mai sunan mahaifiyata, tana da shekara 12 ta dawo daga makaranta ta ce, "Abba, ni mai jifa zan zama."

Ga wanda bai taɓa gani ba, sofbol ƙanwar besbol ce, a Shikago aka haife ta a 1887. Ɗaya na jifa, ɗaya na riƙe da kulki tana jira ta maka wa ƙwallon, ta uku na tsugune a bayanta tana cafke duk wadda ta wuce. Ƙwallon ruwan ɗorawa ce mai jan ɗinki, kewayenta inci 12, nauyinta wajen giram 190, taurinta kuwa sai wanda ya ɗanɗana. Babban abin da ya raba ta da besbol shi ne jifan. Ba a ɗaga hannu a wurgo daga sama. Mai jifa za ta zabura gaba da ƙafa ɗaya, ta wulwula hannu ya yi cikakken zagaye, ta saki ƙwallon ta ƙasa, daidai gefen cinya. Tsakaninta da mai duka ƙafa 43 ne a wasan manyan mata, su Ummi kuma 40.

Da na ji an ambaci jifa sai na gyara zama. Ni fa a unguwarmu ba a yi yaron da ya kai ni saiti ba. Mangwaron da ke can ƙololuwa, wanda kowa ya haƙura da shi, ni ake kira masa. Mai lambun ma ya san ni, shi ya sa har yau in na je gida ba na bi ta ƙofarsa. Na faɗa wa Ummi cewa gado ta yi. Uwarta tana yankan albasa ta ce, "Abban Ummi, ni dai tun da na zo gidanka ko ɓera ban taɓa ganin ka jefa da takalmi ka samu ba." Na ce mata ɓera ba ya tsayawa wuri ɗaya, mangwaro kuwa yana da tarbiyya.

Kociyar da muka samu tsohuwar mai jifa ce ta wata kwaleji, mace mai tsadar magana, tana koyarwa a wani tsohon sito da aka shimfiɗa wa ciyawar roba aka rarraba shi da raga. Kuɗin darasinta na rabin awa ban taɓa yarda na juya shi zuwa naira ba, saboda hawan jini gado ne a gidanmu. Ta daɗe tana ɗora Ummi a kan jifa iri biyu kacal: mai gudu, da mai yaudara, wanda hannu ke wulwulawa da ƙarfi amma ƙwallon ta zo a hankali. A ragar da ke gefenmu kuwa akwai wata doguwar budurwa 'yar sakandare, ita wani abu daban take jefawa. Ƙwallon za ta taso daga wajen gwiwarta, ta miƙo sosai, sai dab da isowa ka ga ta yi sama ta faɗa safar mai cafka daidai ƙirji, da wata ƙara mai sa mutum ya waiga. Ummi ta daina motsi. Ta ce, "Abba, rayizbol ke nan. Mai tashi."

Ta roƙi kociya a koya mata. Kociya ta ce da saura. Mai tashi, in ji ta, sai ƙwallo na gudun mil 55 a awa ko fiye, Ummi kuwa ko 50 ba ta kai ba. In gudu bai kai ba, juyin ba ya cizon iska, ƙwallon sai ta zo a shimfiɗe daidai ƙirjin mai duka, ita kuma ta aika ta bayan katanga ta yi godiya. Ni sai na saurari maganar da kunnen ɗan kasuwa. Na ce a raina, wato a ja mu shekara biyu ana karɓar kuɗin rabin awa. Ai mun san irin wannan.

Duk da haka ta nuna mana riƙon, don yarinya ta fara saba wa yatsunta. Yatsan tsakiya zai kwanta a jikin ɗinki, na kusa da shi ya raka shi, manuniya a ɗan lanƙwashe ta dafa ƙwallon da gefenta, babban yatsa na ɗaya ɓangaren yana tokare. Ta ce wasu na naɗe manuniyar gaba ɗaya su tokara da gaɓa, wasu su miƙe ta. Riƙo ba wahayi ba ne, abin nema dai yatsu su samu ɗinkin da za su ja. Aikin yana wajen saki. Idan hannu ya gama zagaye ya sauko gefen cinya, tilas tafin hannu ya shige ƙarƙashin ƙwallon, ƙaramin yatsa a gaba, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, sannan a murɗa wuyan hannu da sauri yadda ake murɗa mariƙin ƙofa, yatsu su zare ta ƙasan ƙwallon su yi gaba su yi sama. In an dace, ƙwallon za ta tafi gaba tana juyawa baya: ƙasanta na gudu wajen mai duka, samanta na komowa wajen mai jifa. Da agogo suke auna shi, su ce daga 6 zuwa 12. Jiki ma da nasa rabon. Taki mai tsawo, ƙafar gaba ta kafe ƙyam, nauyi ya ɗan tsaya a baya, kafaɗu su ɗan kishingiɗa, a saki ƙwallon ƙasa-ƙasa don ta samu hanyar hawa. Ta maimaita cewa ɗan kishingiɗa ta ce, ba kwanciya ba. Sannan ta ɗauki baƙin salatif na masu gyaran wuta ta zagaye wata ƙwallo da shi ta ba mu. Ta ce in juyin ya yi daidai, mai cafka zai ga baƙin layi ɗaya tsaye cak daga sama zuwa ƙasa, ba ya rawa.

Duk wannan na rubuta shi a littafi, har da zane da kibiyoyi. Shirina mai sauƙi ne. Ni zan fara ƙwarewa a gida, sannan in koya wa Ummi kyauta, mu je mu ba kociya mamaki.

Na sa Ummi ta hau bokiti, ni na ja da baya cikin jallabiya. Abu na farko da na gano shi ne jallabiya da wulwula hannu ba sa shiri. Na je na sako wandon motsa jiki. Abu na biyu, hannun da ya shekara arba'in yana jifa ta sama ba ya karɓar umarni daga littafi. In na saki da wuri, ƙwallon ta daki ƙasa a gabana ta gangara wajen Ummi a hankali, ta sa ƙafa ta tare. In na makara, ta bi ta saman kanta, ta saman katangar katako, ta sauka gidan maƙwabci. Akwai wadda ban sake ta ba sam, sai da ta fara gaisawa da ƙashin ƙuguna. Maƙwabcin nan wani dattijo ne ɗan fansho mai kare. Da farko yakan jefo mana ƙwallon da murmushi. Daga baya ya daina jefowa ɗaya-ɗaya, sai ya tara su a leda ya rataye a ƙofarmu da safe, wasu da shaidar haƙoran karen.

Da na ga ƙwallo ta ƙi tashi da yatsu, sai na ce bari in taimaka mata da baya. Na kishingiɗa, na ƙara kishingiɗa, har ina kallon sararin sama lokacin saki. Ƙwallon kam ta yi sama, amma duk abin da ka wurga sama ai sama zai yi. A makon nan a zaune na yi salla, uwargida na shafa min man zafi tana tambayata ko mangwaron ya faɗo.

Sannu a hankali dai na fara samun Ummi a inda take zaune. Wata yamma na saki wata da na ji ta fita da daɗi, ta tafi tana juyi har da ɗan sauti, ta faɗa safarta daidai fuska. Na ɗaga hannu biyu sama. Na ce, "Uwata, kin gani? Faɗi gaskiya, layin ya tsaya?"

Ta ce, "Abba, juyawa yake kamar fankar silin."

"To ai juyi ake nema."

"Harsashi ne, Abba. Kociya ta ce kowa da shi yake farawa. Har 'yan shekara tara."

Juyin harsashi shi ne babban abin kunyar masu koyon wannan jifa. Hannu bai shige ƙarƙashin ƙwallon ba, ya tsaya a gefenta ya murɗa, sai ta tafi tana juyawa a kan layin tafiyarta, yadda harsashi ke fita daga bindiga. Ido zai ga juyi mai kyau, kunne ma zai ji, amma iska ba ta tura irin wannan ƙwallo sama ko ƙasa. Yatsu sun yi wahalar banza. Abin haushin shi ne tsakanin harsashi da mai tashi ba wani nisa ba ne, 'yar karkatar tafin hannu ce a cikin wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma kai mai jifa ba ka gani. Sai wanda ke kan bokiti ya ba ka labari, in ya ga dama ya haɗa da 'yan shekara tara.

Wanda ya kasa a fili ai sai ya koma inda ya fi ƙarfi. Ni aikina kullum lissafin yadda ruwa da iska ke gudana ne, a cikin bututu da kewayen abubuwa. Na ce wannan ƙwallo dai a cikin iska take tafiya, iska kuwa talakawata ce. Na share tebur.

Abin da ke tura ƙwallo mai juyi gefe guda sananne ne tun da daɗewa. Isaac Newton ya lura da shi a wasan tanis tun 1672, amma sunan wani Bajamushe ya bi shi, Heinrich Gustav Magnus, wanda ya yi gwajinsa a Balin a 1852 yana neman dalilin da ke sa harsashin igwa kauce wa saiti. Idan ƙwallo na tafiya gaba tana juyawa baya, samanta na tafiya tare da iskar da ke wucewa, ƙasanta na karo da ita. Iskar sama sai ta manne wa ƙwallon ta bi ta har bayanta, ta ƙasa kuma ta rabu da ita da wuri. Ƙarshenta iskar da ƙwallon ta bari a baya ƙasa take nufa, kuma duk abin da ya tura iska ƙasa, iska za ta tura shi sama. Ƙarfin turin yana ƙaruwa da yawan juyi, yana kuma ƙaruwa sosai da gudu. A nan na ɗan yi tari, don maganar kociya ce ta mil 55 ta fito min a takarda da rubutun hannuna. Na wuce wurin da sauri.

Sai na sa lambobi. Ƙwallo mai giram 190, gudun mil 65 a awa irin na manyan 'yan jami'a, juyi 25 a daƙiƙa ɗaya, wanda juyi ne na ƙwararru. Na buga, na sake bugawa. Turin da iska ke yi sama bai wuce kusan rabin nauyin ƙwallon ba. Rabi! Wato nauyi ne ke da rinjaye tun daga hannun mai jifa har safar mai cafka. Hanyar ƙwallon kullum lanƙwasawa take yi ƙasa, ba ta taɓa lanƙwasawa sama. Hawan da ake gani, daga gwiwa aka sake ta aka nufi ƙirji da ita, dole ta hau. Wancan tsalle na dab da isowa, wanda Ummi ta daina numfashi a kansa, babu shi. Mai tashi ba ta tashi. Faɗuwa ce kawai ba ta yi da yawa.

Daren nan na yi barci mai daɗi. Ashe ba kasawa na yi ba, abin da babu shi aka sa ni nema. Da safe na yi wa uwargida bayani da cokali da lemo. Ta ce, "To ka bar shi a cikinka mana." Na ce ilimi amana ne.

Ranar darasi na tafi da takarduna a cikin jaka. Na bari sai da iyaye suka taru a benci, doguwar budurwar nan tana ɗumama hannu a ragar gefe, sannan na yi gyaran murya na ce wa kociya ina da 'yar magana a kan rayizbol. Na yi bayanin Magnus. Na nuna rabin nauyi. Na ce saboda haka, tare da girmamawa, abin da ake koya wa yaran nan da sunan ƙwallo mai tashi, a kimiyyance babu shi. Ummi ta ja hularta ta rufe fuska.

Kociya ta saurare ni har ƙarshe tana taunar cingam. Ta ce, "Gaskiyarka. Mun san da haka."

Ban shirya wa wannan amsa ba. Na tanadi hujjoji na biyu da na uku, duk suka zama kaya.

Ta ce, "Sai dai mai kulki ba da biro take duka ba. Ka taɓa cafke guda ɗaya?"

Na ce ni uban bokiti ne, cafka ai sana'ata ce. Ta ɗauko abin kare fuska mai ƙarafa ta miƙo min. Na ce a bar shi. Mutumin da ya san hanyar ƙwallo tun kafin a jefo ta, me zai yi da keji a fuska? Ta sake miƙowa, na sake ƙi, har da ɗaga hannu irin na manya. Ta ce wa budurwar ta rage ƙarfi. Na ja bokitina na zauna, na buɗe safa daidai ƙirji, na ce bismilla.

Na ga zagayen hannun. Na ga ƙwallon ta fito daga gefen cinyarta, na kuma ga abin da ban taɓa gani ba a harabar gidana: jan ɗinkin nan ya zama layuka tsaye, ba rawa ba karkata. Har na fara cewa a raina, kai, ga 6 zuwa 12. Kaina ya san ƙwallon za ta iso sama da inda ake zato, shi ya rubuta takardar. Hannuna kuwa bai karanta ba. Ya tsaya inda ƙwallon Ummi ta saba sauka, har ya ɗan yi ƙasa don ya tarbe ta. Ta shafi leɓen safar ta sama, ta canja hanya kaɗan, ta same ni a tsakiyar goshi.

Wuta ta ɗauke. Da ta dawo, ina kwance a kan ciyawar roba, ƙafafuna a kan bokiti, fuskoki sun yi min rumfa. Budurwar na kuka tana ba da haƙuri. Wani uban bokiti na tattara min takarduna da suka watse. Ummi ta durƙusa kusa da kunnena ta ce da Hausa, don kada kowa ya ji, "Abba, ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Kociya ta dage sai an duba ni a asibiti, kuma ta yi daidai, bugun kai ba abin wasa ba ne. Likita ta haska min ido, ta tambaye ni ranar mece ce yau, na faɗa. Ta tambaye ni sana'ata, na ce injiniya ne, masanin tafiyar abubuwa a cikin iska. Uwargida, da ta iso da mayafi a karkace, ta ce wa likitar ta rubuta wannan amsa a cikin alamomin ciwon. Aka ce ƙwaƙwalwa lafiya, leɓen safar ya rage mugun abu, in je in sa ƙanƙara in huta.

Ina kwance da ƙulu a goshi na koma kan lissafina, sai na ga amsar tana ciki tun farko, ni ne na tsaya a layin da ya yi min daɗi. Mai jifa in ta zabura, ta cinye wajen ƙafa shida daga cikin 43 ɗin nan kafin ta saki. Ƙwallo mai gudun mil 65 tana isowa cikin kusan kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci, nauyi kaɗai zai saukar da ita wajen santimita 78 daga layin da aka nufa da ita. In juyi ya ɗauke rabi, saura wajen 40. Bambancin ya haura ƙafa guda, kaurin kulkin kuwa inci biyu da kwata ne. Ido ba ya iya bin ƙwallo har ƙarshe a irin wannan gudu. Farkon tafiyarta yake gani, ƙwaƙwalwa ta cike sauran da abin da ta saba gani, ta aika hannu can ya jira. Idan ƙwallon ta iso sama da wurin jiran, ƙwaƙwalwa ba ta cewa ni na yi kuskure, sai ta ce ƙwallon ce ta yi tsalle. Shi ya sa za ka ga mai duka ta kai wa iska bugu a ƙarƙashin ƙwallo, ta koma benci tana rantsuwa cewa ta ga tashinta da idonta. Ba ƙarya take yi ba. Ni ma na gani, ga shaida a goshi.

Na nemi abokan kuka, na kuwa same su, manya-manya. A 2004, shekarar da Amurka ta ci zinaren sofbol a Olamfik ta Atina, mai jifarsu Jennie Finch ta yi ta fuskantar taurarin besbol maza, irin su Albert Pujols da Mike Piazza, mutanen da abincinsu ke nan dukan ƙwallon da ke gudun sama da mil 90. Suka yi ta dukan iska. David Epstein ya buɗe littafinsa The Sports Gene na 2013 da wannan labari, don ya nuna cewa gwanin duka ba saurin hannu ya fi mu ba, karatun jikin mai jifa ya iya, kafaɗa da hannu da juyin ɗinki, kuma in aka kawo masa jifa ta ƙasa da bai taɓa karantawa ba, ya koma ɗan koyo. Na karanta wa uwargida wannan da ƙarfi. Ta ce su waɗannan an biya su, kuma da hular kwano a kansu.

Budurwar da ta kwantar da ni ma rage ƙarfi ta yi. Monica Abbott, bahaguwar da ta yi suna da wannan jifa, an auna tata a mil 77 a 2012, ta riƙe kambin har 2025, lokacin da Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta kai 79.4. Duk wanda ke tsugunawa a gaban irin waɗannan, ko da keji biyu ne, ina ganin ya cancanci a sa shi a addu'a.

Game da kociya kuwa, na janye zargin kasuwanci, a zuci dai. Akwai masu koyarwa da za su ce maka 'yarka mai shekara goma ta iya jifa kala biyar, ka biya kana murna, alhali jifa ɗaya ce da riƙo biyar. Wadda ta ce maka da saura, ta bar kuɗi ne a aljihunka. Ummi tana nan tana murɗa ƙwallon salatif a durƙushe, daga ɗan nesa kaɗan, layin ya fara tsayawa jefi-jefi. Ni ke ba ta labari daga kan bokiti, ta cikin keji, da abin kare ƙwauri.

Ƙulun ya sauka cikin 'yan kwanaki, amma ya bar baƙin tabo, zagayayye, a daidai tsakiyar goshi. Ranar Juma'a bayan an sallame, wani dattijo daga cikin 'yan Najeriyar da muke haɗuwa a masallaci ya riƙe hannuna a wajen ajiye motoci, ya ƙura wa goshina ido. Ya ce, "Masha Allah, Injiniya. Ga boko ga tsayuwar dare. Dubi tabon salla a goshin yaro." Ya kira wasu su zo su gani. Na sunkuyar da kai, abin da suka ɗauka tawali'u ne.

Ummi na tsaye a jikin mota. Na ga bakinta ya buɗe. Na ce da sauri, "Uwata, wannan sabuwar safar da kika nuna min a kanti, wace kala ce ma?" Ta rufe bakin, ta ce ja, ta ƙara da cewa akwai takalmin da ke tafiya da ita.

Dattijon bai saki hannuna ba sai da na amsa zan yi wa matasa nasiha ranar Asabar bayan la'asar. Na tambaye shi a kan me. Ya ce kwamiti ya riga ya zaɓa, illar riya.